Zogalen da Aka Sare Daidai Gwiwa

Madawa, 19 ga Fabrairu

Zuwa ga Baba Mahamud, a Gidan Kalla ta Karofane.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Goggo Cima. Yaya ƙafarta? Ni lafiya lau nake, tarin da na zo da shi ya tafi. Mutanen gidan da nake zaune suna gaisuwa.

Baba, a yi haƙuri da tsawon takardar. Abin da ba zan iya faɗa a gabanka ba ne nake rubutawa.

A bayan ajinmu na lise, makarantar sakandare, akwai ’yar garka. Mushe Faruƙ, mai koya mana ilmin tsirrai, ya shuka zogale layi biyu. Layi ɗaya ya bar shi ya miƙe sama kamar namu na gida. Ɗayan kuwa ya haƙa masa ramuka zurfin kamu ɗaya, taki ɗaya na tafiya tsakanin rami da rami, ya gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin awaki tafi biyu. Da itacen ya kai ƙugu sai ya tsinke kansa. Daga baya ya sare shi daidai gwiwa. Ya ce itacen da aka bari yana hawa, ƙarfinsa a tsawo yake ƙarewa, amma wanda aka hana hawa sai ya yi rassa. Jiya muka tsinki ganye. Dogon layi ya cika tasa ɗaya, gajeren ya cika uku, har ya rage.

Ina tsinka ina tuna garkarmu, da yadda marigayiya Inna take ɗage da ƙugiya tana jawo rassa har wuyanta ya yi ciwo. Idan an ga ya dace, ana iya haƙa sababbin ramuka a gefen rijiya, ana kuma iya gwada saran a kan uku ko huɗu. Zan ƙara tambayar Mushe in rubuto. Abdallah direba ne zai kawo wannan ranar kasuwar Buza.

Ɗiyarka, Fiddausiya


Gidan Kalla, 2 ga Maris

Zuwa ga ɗiyar Cima.

Wa alaikumus salam. Muna lahiya. Ƙafar goggonki da sauƙi, sai dai ba ta yarda ta zauna ba balle ta warke. Ki karanta a hankali, rubutuna na yaƙi da jahilci ne, kuma alƙalamin bik ɗin yana gardama.

Takardarki ta zo. Na karanta sau uku ni kaɗai, sannan na karanta wa mutane a bakin masallaci. Abokina Takawa ya ce, “Mahamud, shekara hamsin kana yawo da gwiwarka, sai yau takarda za ta nuna maka inda take?” Na ce masa, “Kai da ka sa naka ɗan a makarantar lakkwal, mi ya kawo maka ban da dogon wando?” Aka yi ta dariya. Amma na ga kowa ya kasa kunne wajen tasa uku.

Ba na ɓoye miki. Tun da Allah ya karɓi uwarki Kaltuma, wata goma sha huɗu ke nan, ganyen garka baya yake yi. Ina ba su ruwa, ina ba su taki, amma hannuna ba nata ba ne. Matan da ke zuwa daga Buza ɗaukar ganye sun fara wuce ƙofarmu. Kin san da ganyen nan muke samun hatsi idan rumbu ya yi ƙasa. Kin kuma san abin da ta ce mini shekarar da tsarana suka tahi Abijan: muddin garkar nan tana da ganye, ba ni da hujjar tahiya. Itace arba’in da bakwai ta bari, duk da hannunta ta sa su.

Zan kira gayya kahin azumi ya kama, don ba a gayya da baki a bushe. Allah ya yi miki albarka. Ki riƙe karatu.

Mahamud


Madawa, 6 ga Maris

Zuwa ga Baba.

Bayan gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Takardarka ta same ni jiya, na ji daɗi, na kuma ji kunya da aka karanta tawa a bakin masallaci.

Sauri nake, don Abdallah yana shirin tashi. Na kwana huɗu ina son yi wa Mushe Faruƙ tambaya ina kasawa, sai yau na tsaya bayan kowa ya fita. Kafin ya ba ni amsa, shi ya fara tambayata. Ya ce garkarmu tana da waya kewaye? Na ce shingen ƙaya ne. Ya ce rijiyarmu tana kai bazara? Na ce wata shekara tana kaiwa, wata shekara ba ta kaiwa. Sai ya ajiye alli ya ce, “To kada a taɓa tsofaffin yanzu.”

Ya ce tsohon itace mai kauri ba a sare shi a gwiwa, a kafaɗa ake yi, da adda mai kaifi, a karkace, kuma sai ruwan sama ya sauka an ɗaure dabbobi. Na gwiwa na ƙanana ne da aka raina a haka tun farko, a wurin da akuya ba ta shiga.

Don Allah, Baba, gayyar ta tsaya a ramuka kawai. Na Inna a bar su yadda suke har damina.

Ɗiyarka, Fiddausiya


Gidan Kalla, 14 ga Maris

Zuwa ga ɗiyar Cima.

Muna lahiya, sai gajiya mai daɗi. Na jira takardar da kika ce za ki ƙaro, ban ga Abdallah ba kasuwa biyu, azumi kuma ga shi a ƙofa. Sai na ce abin da ke hannu ya isa.

Ranar Asabar aka yi gayya. Mutum ashirin da shida suka zo, har da na Zangon Yasin. Cima ta dama hura tulu biyu, na yanka ɗan bunsurun nan mai tsallake danga. Ramuka sittin na auna musu da igiya kamar yadda kika rubuta. Ina zaton aikin yini ne, sai ga shi kahin hantsi ya yi zahi sun gama, tuwo ko ɗorawa ba a yi ba. Kin san ba a sallamar ’yan gayya da hantsi, abin magana ne a gari. Takawa ya ce, “To mai takarda, ina sauran aikin? Ko hura kawai ka kira mu sha?”

Na nuna musu huɗu na bakin shinge na ce a sare daidai gwiwa. Samarinmu suka ɗauki biyu, na Zango suka ɗauki biyu, mai ganga ya shiga tsakani yana zuga. Namu suka riga, na Zango suka ce sai an sake. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Aka fara gardamar gwiwar wa za a bi, ta Takawa ko ta Alƙasim dogo. Na ɗaga hannu sau ɗaya in tsayar da su, sai na ce a raina, abin da ya yi wa huɗu kyau zai yi wa arba’in. Kahin azahar duka sun kwanta.

Garka ta yi haske, daga bakin rijiya har dutse ake hange. Kowace mace a gari ta kwashi ganye, ranar ko’ina kwaɗon zogale aka ci. Cima kaɗai ba ta ci ba. Da ta kawo tuwo ta tsaya a bakin shinge, ta ajiye ƙwarya ta juya. Na ce tsufa ne.

Idan kika zo konje, hutun makaranta, za ki tarar da tasa uku.

Mahamud


Madawa, 20 ga Maris

Zuwa ga Baba.

Bayan gaisuwa, ina fatan an tashi lafiya. Wani mai kabu-kabu ya kawo mini takardarka. Na karanta a tsakar makaranta, sai da wata ƙawata ta riƙe ni ta zaunar.

Ashe tawa ta shida ga wata ba ta isa ba. Na je tasha, aka ce motar Abdallah ta lalace a hanyar Buza, shi kuma ya wuce garin Tawa neman ƙarfen gyara. A cikinta na rubuta kada a sare.

Yanzu ga abin da Mushe ya ce ko Allah zai sa a ceci wasu. A shafe kan kowane kututture da laka gauraye da toka. A rufe gindinsu da karan dawa saboda rana, amma a riƙa ɗagawa ana duba gara. A ba su ruwa safe da yamma. Abin da ya fi komai, a ƙara ƙaya a shinge, domin tohon zai fito daidai bakin akuya. Sababbin ramukan a bar su babu iri tukuna, ruwan ba zai ishi duka ba.

Konjen nan ba zan zo ba. Akwai jarrabawar kompozisiyo da zarar an koma, zan zauna in yi bita. Allah ya sa mu ga watan azumi lafiya. A gaishe da Goggo.

Ɗiyarka, Fiddausiya


Madawa, 7 ga Mayu

Zuwa ga Baba.

Ina gaisuwa, ina kuma yi muku barka da salla, ko da ta wuce da kwanaki. Mako bakwai ke nan ban ga rubutunka ba. Kowace ranar kasuwa ina zuwa tasha in tsaya nesa da masu lodi, har sun gane ni, suna cewa, “’Yar lakkwal, yau ma babu.”

Wata mata ’yar Karofane ta ce mini kana lafiya, ta gan ka a wurin jana’iza. Da na tambaye ta garka sai ta ce ba ta bi ta can ba, ta shiga gyara ɗaurin kayanta.

Na san fushi kake, kuma da gaskiyarka. Ni na rubuta abin da ban gama sani ba. Na ga tasa uku sau ɗaya na ɗauka na iya. Mushe ya ce in riƙa ba garkar makaranta ruwa, na roƙe shi ya ba wata, ba na iya kallon layin nan. Ko layi ɗaya ne a rubuto mini, ko na faɗa ne.

Ɗiyarka, Fiddausiya


Gidan Kalla, 11 ga Yuni

Fiddausiya,

Ga shi na rubuta sunanki. Bakina bai taɓa faɗarsa ba tun ranar da liman ya raɗa miki shi, haka muka tarar ana yi wa ɗan fari, shi ya sa nake ce miki ɗiyar Cima. Amma na ce kada in yi nisa ban ko rubuta shi sau ɗaya ba.

Jikinmu lahiya. Garka ce babu.

Takardarki ta shida ga Maris ta zo kwana tara bayan salla. Abdallah ya same ta a maƙale bayan madubin mota, ya kawo da kansa yana ba da haƙuri. Na karanta a tsaye. Wajen da kika ce na Inna a bar su, nan na tsaya, ban ƙarasa ba sai washegari.

Duk abin da kika ce na yi. Na shafa laka, na rufa kara. Sun yi toho a mako na biyu, kore shar, har Takawa ya zo ya cire hula ya ce ya tuba. Sai rijiya ta fara ja. Ina zura guga ina jira kamar mai roƙo, ga azumi, ga rana. Abin da na samu ba ya isar goma. Ran sha bakwai ga azumi na tahi kai gawar Ɗanmaraya makwanci, kahin in dawo awakin gari sun huda shinge. Ba su bar ko ganye ɗaya ba. Suka sake toho kaɗan, aka sake cinyewa, na uku bai zo ba. Gara ta gama sauran. Yanzu idan ka taka kututture sai ya ruguje kamar tsohon gini.

Ranar ne Cima ta buɗe baki. Ta ce, “Kai kana zaton Kaltuma ba ta san zogale na yin rassa in an sare ba? Ta sani sarai. Ta bar su su hau ne don su wuce bakin akuya, tunda rani duka dabbobi sake suke. Wuyanta ta ba da don ganyen ya tsira.” Na ce mi ya hana ki faɗa ranar gayya? Ta ce, “Wa ya tambaye ni? Maza ashirin da shida da ganga, ga takarda daga birni.” Shekara goma sha tara ina kallon matata da ƙugiya, ban taɓa tambayarta dalili ba.

Kin ce fushi nake. Da wa? Ke huɗu kika ce. Ni na ɗaga hannu na sauke. Da kika rubuta ba za ki zo konje ba, na ɗauka ba ki son ganin wanda ya kwantar da itacen uwarki. Shi ya sa na kasa ɗaukar bik. Mi zan rubuta?

Rumbu ya kai ƙasa, ganyen da ke cike giɓin babu. Ranar Laraba ta sama zan bi motar Ƙonni, daga can Abijan. Ɗan Alƙasim yana da wurin tura baro a kasuwa, ya ce za a sama mini. Mutane suna dawowa don shuka, ni lokacin nake tahiya. Gona na bar wa Takawa ya noma mana tare da tasa gonar.

Sandunan da aka sare, mata sun kwashe na wuta. ’Yan da suka rage na kafa su na gyara dangar bayan ɗaki, wajen da nake alwala. Sun ɗan yi ganye, amma kada ki sa rai in kin gani. Tohon itacen da aka sare ne, ruwan jikinsa yake ƙarasawa.

Ƙugiyarta tana rataye a zaure. Ki kula da goggonki. Ki yafe mini.

Ubanki, Mahamud


Gidan Kalla, 9 ga Yuli

Zuwa ga Babana, a Abijan, ta hannun ɗan Baba Alƙasim.

Assalamu alaikum. Ina fatan ka sauka lafiya, kuma bayanka bai tashi ba da turin baro. Mu lafiya. An yi ruwa sau uku, Baba Takawa ya shuka gonar, hatsi ya fito. Na ci kompozisiyo, na wuce aji na gaba.

Takardarka ta same ni ranar Alhamis, kwana ɗaya bayan tafiyarka. Da ta zo da wuri da na bar komai na taho. Layin farko na karanta na rufe, na daɗe kafin in iya ci gaba. Babu abin da zan yafe, Baba. Ba ganinka na ƙi ba. Kunyar haɗa ido da kai ce ta hana ni zuwa, na fake da karatu. Ashe ni ina can ina ɓuya, kai kana nan kana ɓuya.

Na je garka ranar da na iso. Ban daɗe ba. Ramukan sittin sun cika da ruwa, kwaɗi sun samu gida.

Da la’asar na ɗauki butarka na zaga bayan ɗaki. Sandunan dangar goma sha uku ne. Huɗu sun bushe. Tara suna da ganye, wasu rassan sun kai tsawon hannuna. Na tuna abin da ka rubuta, na ce bari in gani da idona. Na durƙusa na tona gindin ɗaya da yatsa a hankali. Baba, akwai saiwa. Fara ce, kaurin ɗan yatsana, ta nutsa ƙasa. Na tona na biyu, na uku, har tara, duka sun kama. Wata uku kana zuba musu ruwan alwala sau biyar a yini, a cikin gida inda akuya ba ta shiga. Itacen Inna ne, jikinsu ɗaya da waɗanda ta shuka.

Na kira Goggo, ta zo tana ɗingishi tana cewa, “Ke kuma mi kika tono, kunama?” Ta sa hannu ta taɓa, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Da ta gama sai ta ce, “Saura ki je ki rubuta masa a sare.” Muka yi dariya, hawaye na zuba.

Wannan karon ita na fara tambaya. Ta ce a bar su inda suke bana. Idan sun yi ƙarfi, baɗi a yanki rassa daga jikinsu a kafa a ramukan, bayan an yi shinge na kirki. Waɗanda za su zauna a garka a bar su su hau yadda Inna ta yi, na cikin gida su ne za a iya tsinke wa kai. Jiya na tsinke kan guda ɗaya, ɗaya tak. Sauran takwas ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba sai na ga abin da wannan ya yi.

Na san tara ba arba’in da bakwai ba ne. Ganyensu bai cika tafin Goggo biyu ba, ba zai sayi ko tiya ɗaya ta hatsi ba, kuma ban san ranar da takardar nan za ta same ka ba, ko za ta same ka. Amma Inna ba ta faɗi yawan ganyen ba. Cewa ta yi muddin akwai.

Ban taɓa ce maka ka yi kaza ba, kullum sai in ce ana iya yi. Yau zan faɗa. Baba, idan an yi girbi, ka dawo. Butarka tana wurinta, da ita nake ba su ruwa.

Ɗiyarka, Fiddausiya